Rijiyar Tudun Gawasa da Maganar Gefen Shafi

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso lafiya, mu ji ta.

Sunana Nomau ɗan Jatau, haƙar rijiya kuwa gadonta na yi, uba da kaka. A ƙasar Dumbula aka haife ni, can bayan Tekun Gishiri, inda rana ke faɗuwa tsakanin duwatsu biyu masu kama da kunnen zomo. Ku gyara zama, don labarin yana da tsawo, ni kuma na tsufa, ba na gudu.

Garinmu Tudun Gawasa tun asali ruwan zartsi yake sha. Shekarar da na cika talatin na yi alwashin sai na samo ruwan daɗi. Na haƙa gaba ashirin da biyu, Allah ya ba ni. Da na zo ɗaure cikin rijiyar sai na raina dutsen da kowa ke amfani da shi, na sa aka yi mini jigilar dutsen nan mai walƙiya daga tsaunin da mata ke samo kwalli. Idan rana ta take tsaka ka leƙa, sai ka ga kamar taurari sun faɗa ciki. Har daga wasu garuruwa ake zuwa kallo.

Ranar da muke jera dutsen, wata tsohuwa mai sayar da kwalli, Inna Kulu, ta tsaya a kanmu ta ce, "Nomau, ɗan nan, wannan dutsen na ido ne, ba na ciki ba."

Na ce, "Inna, ki tsaya kan tandun kwallinki, ki bar mana rijiya."

Jama'a suka yi dariya. Ta ja mayafinta ta wuce, ni kuwa kafin la'asar na manta da ita.

Bayan shekara biyu sai ciwo ya shigo gari. Da yara ya fara: murɗar ciki, kasala, hannu ya riƙa saki daga wuyan hannu, wani baƙin layi ya fito a dasashi. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Duk wanda ya kwanta kuwa, ruwan rijiyata ake ɗura masa, tunda shi ne mafi tsabta a gari. Da ciwon ya kama 'yata Hansatu, tana da shekara bakwai, uwarta Barira ta ce da ni, "Malam, magani ya ƙi. Je ka nemo mana sanin abin da ke cinmu, ko a bangon duniya yake."

Na cika gora da ruwan rijiyar, don na fara jin ana tsegumi a kanta, ina so masana su wanke ta. A aljihuna kuma akwai guntun dutsen, domin al'adarmu ce kowane mahaƙi ya riƙe ɗan gutsure daga rijiyar da ya fi alfahari da ita.

Kwana arba'in ina tafiya na isa Birnin Mizani. Ƙofar birnin kanta ma'auni ce: ka taka faranti, sarƙa ta yi ƙara, a rubuta nauyinka. Mutanen nan ba su yarda da samuwar kome ba sai abin da ya hau mizani. Idan ka gaishe su ka ce ina gajiya, sai su ce nawa ce.

Aka kai ni gaban Sarkin Awo, wani dogo mai idon tsuntsu. Ya sa aka auna cikin ƙoƙo na ruwana da cikin ƙoƙo na ruwan sama. Mizani bai karkata ba.

Ya ce, "Babu kome a ruwanka."

Raina ya yi fari. Amma na tuna Hansatu, sai na ce, "Ranka ya daɗe, to ciwon fa? Me ke kawo shi?"

"Nawa ne nauyin ciwon?"

"Ban auna ba."

"To babu shi."

Na ce akwai shi, na gan shi da idona a bakin 'yata. Nan fa na taka doka. A birnin nan duk wanda ya yi jayayya aka kayar da shi, sai a wanke maganarsa daga allo, shi kuma ya shekara yana wanke allunan wasu. Sarkin Awo ya yanke mini wannan hukunci, dogarai suka riƙe ni.

Na ce, "Na yarda. Sai dai ina roƙon a ɗora hukuncin a mizani in ga nauyinsa, don in san abin da zan ɗauka."

Fadawa suka shiga neman abin da za a ɗora. Wani ya kawo allon da aka rubuta hukuncin, na ce ai wannan nauyin itace ne. Wani ya ce a auna numfashin Sarki, wani ya ce numfashi daban, hukunci daban. Dogaran suka sake ni suka shiga lissafi da yatsu. Na ɗauki gorata na nufi ƙofa ba wanda ya tare ni, don har yanzu ba su tabbatar akwai abin da zai hana ni ba.

Mai tsaron ma'aunin ƙofa wata dattijuwa ce, Gwamma. Da na zube kayana a faranti ta ɗauki guntun dutsen ta jinjina shi a tafinta. Ta ce, "Baƙo, ba ka tambaye ni ba, amma dutsen nan ya fi girmansa nauyi. Ninki uku na dutsen gini. Ban san ma'anarsa ba, awo kaɗai na sani." Na yi mata godiya na wuce, ban san ta ba ni rabin abin da na fito nema ba.

Daga nan na faɗa Kwarin An-Ce. Mutanen kirki ne, sun ba ni fura da shimfiɗa. Su kuma ba sa taɓa duba kome da idonsu, abin da kakanni suka faɗa ya ishe su. Na nuna musu ruwana, suka ce an ce ruwa mai haske ba ya cuta. Da na yi haramar tafiya, mai garinsu ya ce cikin tausayi, "Ai ka zama namu. An ce kogin gabas ba ya ƙetaruwa, ya ci doki da mahayinsa."

Na je bakin kogin. Wataƙila a zamanin kakanninsu ya ci doki, amma ranar nan ko idon sawuna bai rufe ba. Na naɗe wando na shiga. Da na waiwaya sai na ga duk garin sun juya mini baya, don kada su ga abin da ba a ce ba. Wani tsoho kaɗai, shi ma bai juyo ba, ya ɗaga murya ya ce, "An ce a kan tsaunin can akwai masu gardama. An ce ba sa barin magana ta kwana."

Tun ina gangaren tsaunin nake jin hayaniya, na ɗauka kasuwa ke ci. Ashe makaranta ce. Garin na Yahudawa ne, mutanen Attaura, kuma haka suke karatu: biyu-biyu, littafi ɗaya a tsakani, wannan ya faɗa wancan ya ƙi. Na tsaya a ƙofa ina jiran a ba hammata iska, sai na ga masu musun suna gutsurar gurasa ɗaya.

Babban malaminsu, da suke kira Rabbi, sunansa Nahum, gajere ne mai farin gemu da yawan murmushi. Abokin karatunsa Tobiya, siriri mai tsamin baki, shekara arba'in suna zaune a benci ɗaya. Suka sauke ni, suka nuna mini gabas da wurin da zan yi sallata, sannan suka ce in faɗi abin da ya kawo ni.

Da na ambaci baƙin layi a dasashi, Rabbi Nahum ya dubi Tobiya. Ya ce, "Shekarar ƙaura."

Tobiya ya ce, "Ka fara ke nan. Ba ka ji ƙarshen maganar mutum ba ka tsallaka shekara ɗari biyu."

"Ɗauko littafin, tsohon banza."

"Ƙafarka ta fi tawa lafiya."

Duk da haka shi ya ɗauko. Littafin hukunce-hukuncen garinsu ne. A tsakiyar kowane shafi akwai manyan baƙaƙe, a gefe kuma ƙanana sun kewaye su kamar tururuwa. Rabbi Nahum ya karanta mini na tsakiya: kakanninsu a kwari suke zaune, irin wannan ciwo ya same su, dattawa goma sha ɗaya suka yanke cewa iskar fadama ce, aka kwashe gari aka hau tsauni, ciwo ya tafi.

Na ce, "To mu ba mu da fadama."

Ya ce, "Saurara tukuna." Ya kai yatsa gefen shafi. "Elyakim maginin tukwane ya saɓa. Ya ce ba iska ba ce, kwatamin darma ne da aka shimfiɗa wa tafkin gari. Ya ce ya ga irin layin nan a bakin masu narka darma. Ba a bi maganarsa ba."

Na ce, "In ba a bi ta ba, me ya sa aka rubuta?"

Rabbi Nahum ya ce, "Haka muke yi. A yi aiki da maganar masu yawa, a ajiye ta wanda aka kayar kusa da ita, da sunansa da hujjarsa. Masu yawa sun san abin da suka sani a ranar. Wata rana wani zai zo daga nesa da gora a hannu."

Na ce ai rijiyata ba darma a ciki, dutse ne zalla. Na fito da guntun don in nuna musu kyansa. Sai ga Hulda, ƙanwar Rabbi Nahum, ita ce mai maganin garin, ta shigo da abinci. Ta ajiye akushi ta karɓi dutsen. Na gaya mata abin da Gwamma ta ce game da nauyinsa. Ta ce, "Dole ya yi nauyi. Daga cikin irinsa ake narko darma."

A nan muryar Inna Kulu ta dawo mini, kalma bayan kalma, har da yadda ta ja mayafinta. Na zauna a ƙasa.

Rabbi Nahum ya ce, "Ke nan Elyakim ne mai gaskiya."

Tobiya ya ce, "Wa ya ce? Don magana tana gefen shafi ba ta zama gaskiya ba. A da ka bi masu yawa ido rufe, yanzu za ka bi mutum ɗaya ido rufe? Mutumin nan zai koma ya rufe wa garinsu ruwan sha a kan zato?"

Hulda ta ce, "Akwai marmaron farar wuta a bayan gari, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na lura in ruwansa ya taɓa abin da ke da darma sai ya yi duhu. Mu ɗiga a ruwansa mu gani."

Tobiya ya ce, "In ya yi duhu fa? Wataƙila kowane ruwa haka yake yi."

"Sai mu ɗiga a ruwan sama ma."

"Wataƙila gorarsa ce ta ɓata ruwan. Wata uku yana yawo da ita."

"Sai mu juye nasa, mu zuba ruwan sama a gorar ya kwana huɗu."

"Ko da ruwan rijiyar ne, wa ya ce daga dutsen ne ba daga ƙasa ba?"

Hulda ta ce, "Tobiya, da za a sayar da bakinka da an gina gari. Za mu daka dutsen mu jiƙa a ruwan sama, shi ma kwana huɗu. Saura me?"

Ya tauna gemu, sannan ya ce, "Yanzu dai babu. Amma ku faɗa tun yau: in na dutsen bai yi duhu ba, kun yarda Elyakim ya faɗi?"

Rabbi Nahum ya ce, "Mun yarda. Rubuta."

Kwana huɗun nan sun fi mini wata ukun tsawo. Wata safiya na sami Rabbi Nahum yana gyaran kurangar inabi, na ce, "Malam, ku mutanen littafi ne. Ba ku jin tsoron wannan tone-tone ya kai ku ga saɓa wa Ubangiji?"

Ya ce, "Kai mahaƙi ne. In ka haƙa ka sami ruwa, kai ka sa shi a wurin?"

"A'a."

"To da ba ka haƙa ba fa?"

"Da yana nan, mu kuma muna da ƙishi."

Ya ci gaba da yankan reshe. Can ya ce, "Akwai abin da kaskon gwajin Hulda ba zai gaya maka ba. Zai nuna maka ko akwai darma a ruwa. Ba zai ce maka ka bar gidanka wata uku saboda yarinya 'yar shekara bakwai ba. Wannan daga wani wuri ka samo shi. Mu dai muna ƙoƙari kada mu tambayi kasko abin da ke na littafi, kada kuma mu tambayi littafi abin da ke na kasko. Wani lokaci muna kuskure. Shi ya sa nake ajiye da Tobiya."

Ranar Juma'a da hantsi Hulda ta jera kasko huɗu farare a tsakar makaranta. Ta ɗiga ruwan marmaro a ruwan sama, ya zauna garau. Ta ɗiga a wanda ya kwana a gorata, garau. Ta ɗiga a ruwan rijiyata, sai wani duhu ya tashi a hankali kamar hadari. Ta ɗiga a na dutsen, ya yi baƙi fiye da shi.

Tobiya ya daɗe yana leƙen kaskon. Sannan ya ɗauki alƙalami ya rubuta ƙarƙashin sunan maginin tukwanen nan da ya mutu shekara ɗari biyu da suka wuce: an gwada, ta tsaya.

Ni kuwa kuka nake. Na ce, "Da hannuna na jera shi."

Hulda ta ce, "Da hannunka za ka cire. Ka ji da kyau, ba zan yi maka zaƙin baki ba. Su daina shan ruwan nan take, su koma zartsinsu. A ba yara nono da abinci mai kyau. Wasu za su warke sarai, wasu da saura, wanda ya yi nisa ban da abin da zan ba shi. Kowace rana da suka ƙara sha tana da nata."

Hanyar da na biyo wata uku ce. Amma akwai ta kusa: Tekun Gishiri yakan janye sau ɗaya a wata, ya buɗe turba ta yini guda, daga can kwana biyu ne zuwa Dumbula. Turbar cike take da laka mai haɗiye raƙumi, kuma Rabbi Nahum kaɗai ya san duwatsun alama. Aka duba lissafin wata. Janyewar ta faɗo washegari, Asabar.

Na riga na ga yadda suke shirin Asabar. A ranar ba sa hura wuta, ba sa rubutu, ba sa hawa dabba, ba sa wuce iyakar gari. An ce mini Rabbi Nahum tun da ya yi wayo bai taɓa karya ta ba. Ban iya buɗe baki na roƙe shi ba. Na ƙudura zan shiga ni kaɗai, in laka ta ci ni shi ke nan.

Da gari ya waye na fito da gorata, sai na tarar da shi a ƙofa da sandar tafiya. Na ce, "Malam, yau fa Asabar."

Ya ce, "Na sani, tun kafin a haife ka nake ƙirga ta. Wanda ya ba mu ranar nan ya ba mu ita don mu rayu. In rai yana kan hanya, ita ke matsawa."

Na dubi bayansa ina jiran Tobiya ya fito da hujja goma. Sai ga shi ya ɓullo daga bayan gida yana jan alfadarai biyu, ya riga ya ɗaura musu sirdi. Ya miƙa mini tulu ƙarami da aka toshe da kaki, ruwan marmaro ne a ciki.

Ya ce, "Mutanenka ba za su yarda da bakinka ba, kuma suna da gaskiya. Nuna musu."

Rabbi Nahum ya ce, "Yau ba ka da ja?"

"Ina da shi. Ka ɗaura rawaninka a karkace. Ku tafi, ruwa ba ya jira."

Muka ƙetare tsakanin bangaye biyu na gishiri masu ƙyalli, kifaye na tsalle a kududdufai, tsohon yana gaba yana ƙwanƙwasa duwatsu da sanda. A gaɓar can ya tsaya. Zai jira wata guda a bukkar masunta kafin teku ya sake buɗewa. Na rasa abin da zan ba shi, sai na ba shi ragowar guntun dutsen. Ya ce zai ajiye shi cikin littafin, a shafin Elyakim.

Da na isa Tudun Gawasa ban fara shiga gidana ba. Na cire gugan rijiya na yanke igiyar, na zauna a bakinta har jama'a suka taru. Na jera kasake a gaban mai gari, na yi yadda Hulda ta yi, na faɗi laifina da bakina. An zage ni, kuma na cancanta. Yara uku sun rasu a bayana. Hansatu na da rai.

Daga nan na wuce rumfar Inna Kulu na durƙusa. Ta dube ni ta ce, "Wa nake gani? Sarkin rijiya ne a gaban mai tandu?"

Na ce, "Inna, na je bangon duniya na tarar da maganarki a can tana jirana."

Ta ce, "Da ka tambaye ni da na rage maka takalmi. Tashi, ɗan nan, je ka ga 'yarka."

Rani guda muka yi muna fid da dutsen, muka sake ɗaure rijiyar da dutsen gini mara kyan gani. Hansatu ta tashi, sai dai hannunta na hagu bai koma daidai ba har yau. Da hannun dama ta koyi rubutu, kuma ita ke riƙe da littafin da na roƙi mai gari a buɗe, wanda ake rubuta abin da taro ya yanke a tsakiya, abin da aka ƙi a gefe.

Ranar da aka fara shi, an rubuta cewa dutsen kwalli ne ya kawo ciwo. Sai Barau mahauci ya miƙe ya ce shi dai har gobe iska ce, kaskon nan wasan baƙi ne. Aka fara yi masa dariya, irin dariyar da na sani. Na ɗaga hannu aka yi shiru.

Na ce, "Hansatu, rubuta a gefe. Barau mahauci ya saɓa. Sa sunansa da kyau, ki tambaye shi hujjarsa."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ba don gizo ba da na ce ƙarya na yi, wanda kuwa bai yarda ba ya faɗi sunansa, akwai sauran wuri a gefen shafi.